Auna Harshen Majiyyaci Mai Jin Harsuna da Yawa Kafin Tiyatar Farfaɗiya: Darasi Daga Sabon Tasha, Kaduna

1.0 GABATARWA

Mai yiwuwa ne wasu daga cikin mahalarta wannan taro su yi mamakin ganin malamin harshe ya tsoma baki cikin sha'anin da kowa ya san na likitoci ne. To, amma dalilin yin haka ba mai nisa ba ne. Akwai wani irin aikin tiyata da ake yi wa masu ciwon farfaɗiya, wanda a cikinsa likita yakan yanke ɗan yankin ƙwaƙwalwar da ciwon yake tasowa daga gare shi. Sau da yawa wannan yanki yakan kasance maƙwabcin wuraren da ke riƙe da magana. Saboda haka kafin a sa wuƙa, wajibi ne a auna harshen majiyyaci, a kuma san inda yake zaune a cikin ƙwaƙwalwarsa, don kada garin neman gira a rasa ido. Shi kuwa awon harshe, ko da a asibiti aka yi shi, ba ya kammaluwa sai da sanin harshen da ake aunawa.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda ake wannan awo, sa'an nan ta duba irin matsalolin da za a ci karo da su idan majiyyacin ya fito ne daga wuri irin Sabon Tasha da ke kudancin birnin Kaduna, inda samun mutum mai harshe uku ko huɗu a baki ba abin mamaki ba ne. Abin da takardar take son tabbatarwa guda ɗaya ne, watau cewa dukkan harsunan da mutum yake rayuwa da su ne abin aunawa, kuma a auna su kamar yadda shi kansa yake magana da su. Idan an tsaya ga Ingilishi kaɗai, ko kuwa an fassara gwajin Turawa zuwa Daidaitacciyar Hausa an ɗora masa, to, sakamakon da za a samu zai iya ɓatar da likita.

2.0 FARFAƊIYA DA TIYATARTA

Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne ta hanyar wata 'yar wutar lantarki da jiki ke samarwa. Idan wani gungu daga cikinsu ya riƙa sakin wannan wuta gaba ɗaya ba bisa ƙa'ida ba, sai mutum ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, ko kuwa ya yi zuru na ɗan lokaci bai san inda yake ba. Ba a ɗaukar ta ta hanyar yawu ko taɓa jiki, kamar yadda jama'a da dama suka ɗauka. Daga cikin abubuwan da ke haddasa ta a ƙasarmu akwai wahalar haihuwa, da zazzaɓin cizon sauro wanda ya hau kai, da sanƙarau, da buguwar kai a haɗarin mota ko babur, da kuma ƙari a ƙwaƙwalwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke fama da ita, kusan kashi 80 cikin ɗari nasu a ƙasashe marasa ƙarfi da matsakaita. Kimanin kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da bugunta idan sun sami magani yadda ya kamata. Sauran su ne waɗanda ciwonsu yake gagarar magani, kuma a cikinsu ne ake samun waɗanda tiyata za ta amfana. Victor Horsley ya yi irin wannan aiki a Landan tun 1886, kuma Wilder Penfield ya inganta shi a cibiyar da ya kafa a Montreal ta ƙasar Kanada a 1934. A wani bincike da Samuel Wiebe da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 a kan majiyyata 80, kashi 58 cikin ɗari na waɗanda aka ware don tiyata sun rabu da bugun da ke gusar da hankali har tsawon shekara guda, alhali kuwa kashi 8 ne kawai suka sami haka a cikin waɗanda aka bari a kan magani.

A Nijeriya, E. Latunde Odeku ne ya buɗe sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1962, kuma a yau akwai irin wannan sashe a asibitocin koyarwa kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Aminu Kano. Duk da haka tiyatar farfaɗiya ba ta yawaita ba, masu hali sukan nemi ta ne a ƙasashen waje irin su Indiya. Babbar matsalarmu har yanzu ita ce samun maganin kansa. Wannan ne ya haifar da aikin haɗin gwiwa da ake kira BRIDGE, wanda aka fara wallafa bayaninsa a 2019, inda aka horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci a Kano da Zariya da Kaduna don su gano yara masu farfaɗiya ta hanyar tambayoyi da Hausa, su kuma kula da su. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, wanda ba shi da nisa da Sabon Tasha, yana cikin wannan aiki. Gwargwadon yadda ake gano masu ciwon, gwargwadon yadda waɗanda magani ya gagara za su riƙa bayyana. Kayan awon harshe kuwa shekaru suke ɗauka kafin su haɗu, don haka tun ran gini tun ran zane.

3.0 MAZAUNIN HARSHE A ƘWAƘWALWA

3.1 Mai harshe ɗaya

Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, na hagu da na dama, kowanne yana sarrafa kishiyar gefensa na jiki. A 1861 Paul Broca ya bayyana labarin wani majiyyaci a Faransa wanda yake fahimtar abin da aka ce masa, amma gaɓa ɗaya tak take fita daga bakinsa. Da ya rasu aka duba, sai aka sami lahani a sashen goshi na ɓarin hagu. A 1874 kuma Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana wasu waɗanda magana take zuba daga bakinsu ba ma'ana, ba sa kuma fahimtar ta wani. Nasu lahanin yana can baya ne, a sashen da ke daura da kunne. Shi wannan sashe na daura da kunne shi ne wurin da aka fi yi wa tiyatar farfaɗiya a tsakanin manya. Wani nazari da ya tattara sakamakon bincike da yawa a 2011 ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa aiki a gefen hagu sukan sami raguwar iya kiran sunayen abubuwa.

A 1977 Theodore Rasmussen da Brenda Milner sun nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na masu amfani da hannun dama harshensu yana ɓarin hagu ne. Ga masu amfani da hagu kuwa, kashi 70 yana hagu, 15 yana dama, 15 kuma yana ɓari biyun. Sun kuma nuna cewa raunin da ya sami ɓarin hagu tun ana ƙuruciya yakan sa harshe ya yi ƙaura. Ya kamata mu lura da wannan ƙwarai, domin Arewacin Nijeriya yana cikin yankin sanƙarau, kuma yaran da suka tsira daga annobar 1996 yanzu magidanta ne. Daɗin daɗawa, George Ojemann ya nuna a 1989, bayan ya auna majiyyata 117, cewa wuraren da ke riƙe da magana ƙanana ne, kuma mazauninsu yana bambanta daga mutum zuwa mutum. Ke nan taswirar da ke cikin littafi ba ta isa jagora ga wuƙar likita ba.

3.2 Mai harsuna da yawa

Tun a 1895 wani likita Bafaranshe mai suna Albert Pitres ya lura cewa idan magana ta ɗauke wa mai harsuna da yawa, ba lalle ne harsunan su dawo tare ba. Shi a ganinsa wanda mutum ya fi amfani da shi ne yake fara dawowa, saɓanin ra'ayin da ake jingina wa Ribot cewa na farkon koyo ne ya fi jurewa. Daga baya Michel Paradis na Jami'ar McGill ya tattara rahotanni masu yawa, ya nuna cewa ko da yake galibi harsunan sukan dawo tare, akwai waɗanda wani harshe yake dawo musu wani ya ƙi, akwai kuma waɗanda harsunansu suke cakuɗewa ba da son ransu ba.

Hujja ta kai tsaye ta zo ne daga ɗakin tiyatar farfaɗiya. A 1978 Ojemann da Harry Whitaker suka auna majiyyata biyu, ɗaya mai jin Holanci da Ingilishi, ɗaya kuma Ingilishi da Sifaniyanci. Suka tarar akwai wuraren da harsunan biyu suka yi tarayya a kansu, akwai kuma wuraren da idan an taɓa, harshe ɗaya ne kawai yake tsayawa, ɗayan yana tafiya sumul. An sake tabbatar da haka a 2004 a kan majiyyata 25 masu harshe biyu. Wani bincike da aka wallafa a 1997 ya nuna cewa waɗanda suka koyi harshe na biyu bayan sun girma, harsunansu sun ɗan rabu a yankin Broca, su kuwa waɗanda suka tashi da biyun tun yarinta nasu a haɗe suke. Bincike na baya ya ƙara da cewa zurfin ƙwarewa da yawan amfani su ma suna da tasiri. Abin da duk wannan yake nufi a aikace shi ne, auna harshe ɗaya ba ya zama lamuni ga sauran.

4.0 HANYOYIN AWO

Hanyoyi huɗu ne aka fi amfani da su.

(a) Jarrabawar baka. Mai gwaji yakan zauna da majiyyaci ya nuna masa hotuna ya faɗi sunayensu, ya sa shi ya maimaita jimloli, ya bi umarni, ya lissafa kalmomi iyakar iyawarsa cikin minti ɗaya, ya kuma riƙe jerin kalmomi ya maido su bayan ɗan lokaci. Wannan shi ne awon farko, wanda za a gwada duk abin da ya biyo baya da shi.

(b) Gwajin Wada. Juhn Wada, likita ɗan ƙasar Japan, shi ya bayyana shi a 1949. Akan zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa babbar jijiyar jini ta wuya, a zuba maganin sa barci wanda zai kwantar da ɓari ɗaya na ƙwaƙwalwa na 'yan mintoci. Idan magana ta ɗauke, an san harshe yana wannan ɓarin.

(c) Hoton aikin ƙwaƙwalwa. Akan sa majiyyaci cikin na'urar hoto mai aiki da maganaɗisu, a ba shi aikin harshe, kamar ya tuno kalmomi a zuci ko ya saurari labari, na'urar kuma ta nuna wuraren da gudun jini ya ƙaru. Wannan hanya ta maye gurbin gwajin Wada a asibitoci da yawa saboda ba a huda jiki. Sai dai tana nuna duk wurin da ya sa hannu a aikin ne, ba ta rarrabe wanda in babu shi magana za ta rushe.

(d) Zana taswira da wutar lantarki. Wannan ita ce hanyar Penfield. Akan buɗe ƙoƙon kai, a farkar da majiyyaci, domin ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafi. Yana cikin kiran sunayen hotuna sai likita ya ɗora ɗan ƙarfe mai 'yar wuta a wani wuri na 'yan daƙiƙu. Idan ya kasa kiran sunan, ko ya kira wani abu dabam, kuma aka maimaita aka sami haka, sai a sa wa wurin alama a kauce masa. Wani lokaci kuma akan dasa wayoyi a kan ƙwaƙwalwa na 'yan kwanaki, a yi gwajin a hankali majiyyaci yana kan gadonsa.

Idan muka duba da kyau, za mu ga dukkan hanyoyin nan sun dogara ne a kan abubuwa biyu: kalmomin da aka zaɓa, da kuma kunnen da zai yanke hukunci cewa amsa daidai ce ko kuskure. Duka biyun kuwa aikin masana harshe ne.

5.0 HARSUNA A SABON TASHA

Sabon Tasha tana kudu da kogin Kaduna, a kan hanyar Kachia, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Masaƙun Kakuri da suka fara aiki a 1957, da matatar mai da aka buɗe a 1980, sun jawo ma'aikata daga ko'ina zuwa kudancin birnin. Rikice-rikicen 2000 da 2002 kuma suka sa mazauna Kaduna suka sake matsuguni, Kiristoci da yawa suka komo kudancin kogi, Musulmi da yawa suka koma arewacinsa. A yau ana samun Bajju da Atyap da Ham da Adara da sauran al'ummomin Kudancin Kaduna a wurin, tare da Ibo da Yarabawa da Tibi da Idoma da Hausawa da Fulani.

Domin bayani ya fito fili, bari mu ƙaddara wata mata 'yar shekara talatin mai sayar da kayan miya a kasuwar Sabon Tasha, wadda iyayenta suka fito daga wajen Zonkwa. Da harshen Jju take magana da mahaifiyarta. Da Hausa take ciniki, da ita kuma take waƙa da karatu a majami'a, domin tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma ta zama harshen ibada ga al'ummomi da dama na wannan yanki. Da Ingilishi ta yi makaranta, da shi take duba aikin gida na 'ya'yanta, da shi take faɗin lambar waya. Da Turancin Buroka kuma take hulɗa da wasu abokan cinikinta. Mu kuma ƙaddara maƙwabcin rumfarta, wani mahauci wanda ya tashi da Fillanci da Hausa, yana karatun Alƙur'ani, yana rubuta bashinsa da ajami daga dama zuwa hagu.

Kada a ɗauka harsunan nan 'yan ɗaki ɗaya ne. Hausa tana cikin dangin Cadi, Jju da Tyap da Gbagyi suna cikin dangin Binuwai-Kwango, Ingilishi kuwa daga Turai ya zo. Kowanne kuma yana da fagensa a rayuwar matar nan. Idan aka kai ta asibiti a ƙasar waje aka auna ta da Ingilishi kaɗai, aka tsare wuraren Ingilishi, mai yiwuwa ne ta dawo ta rabu da farfaɗiya, amma kalmomin ciniki suna ɓace mata, ko kuwa hira da mahaifiyarta ta zama aiki. A takardar asibiti an yi nasara, a gida da kasuwa kuwa an yi hasara.

6.0 MATSALOLIN DA ZA A FUSKANTA

6.1 Fassara gwajin Turawa

Sanannen gwajin kiran suna na Boston, wanda aka wallafa a 1983, yana da zane 60 da aka jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya bisa ga sanin Ba'amurke. A ciki akwai ɗakin ƙanƙara na mutanen ƙarshen arewacin duniya, da dokin teku, da wani irin biskit mai ƙulli. Ɗan Sabon Tasha da ya kasa kiran waɗannan bai nuna alamar ciwo ba, bai taɓa ganinsu ba ne kawai. Hatta tsintsiyar da ke ciki mai dogon mariƙi ce. Haka nan gwajin lissafa kalmomin da suka fara da harafi kaza yana buƙatar wanda ya yi boko, kuma nauyin haruffa ba ɗaya ba ne tsakanin harsuna. Wanda aka ba harafin "m" a Hausa ya sami garaɓasa, domin ɗafin "ma-" kaɗai zai ba shi maƙeri, masaƙi, mabuɗi, makaranta, har minti ya cika. Wanda aka ba "f" kuwa, in Basakkwace ne, "hwari" yake faɗa a inda Bakano zai ce "fari".

6.2 Wace Hausa?

Sunan unguwar kansa ya isa misali. Kalmar "tasha" tamata ce, don haka bisa ga ƙa'idar Daidaitacciyar Hausa "Sabuwar Tasha" ya kamata a ce. Amma a Hausar da ta zama harshen hulɗa tsakanin ƙabilu, bambancin jinsi yakan raunana, har a ji an ce "yarinya ya zo". Haka nan da yawa ba sa bambanta "ƙ" da "k", ko "ɗ" da "d", ko "ɓ" da "b", sai "baƙi" ya zama "baki", "ɓata" ta zama "bata". To, musanya sauti da rikita nahawu suna cikin alamomin da ake nema a lokacin da aka ɗora wuta. Mai gwajin da ya zo da kunnen Kano zai iya ɗaukar maganar yau da kullum a matsayin lahani, a sa alama inda bai kamata ba, a bar wa majiyyaci yankin da ke haddasa masa ciwo. Ko tsakanin Hausawa ma, hoto ɗaya wani zai ce kyanwa, wani mage, wani mussa, kuma duk sun yi daidai.

6.3 Karin sauti da tsayin wasali

Hausa da Jju da Tyap da Gbagyi duk suna bambanta ma'ana da karin sauti, abin da babu shi a gwaje-gwajen da aka tsara don Ingilishi. Alal misali, "kuka" mai karin sama-sama na hawaye ne, mai sama-ƙasa kuwa itaciya ce. "Wuya" mai sama-ƙasa gaɓar jiki ce, mai ƙasa-sama kuwa wahala. Tsayin wasali ne kaɗai ya raba "gari" na zama da "gari" na tuwo. Har ila yau, rubutun "ya zo" yana iya ɗaukar lokuta huɗu dabam-dabam, gwargwadon tsayi da karin "ya". Binciken Van Lancker da Fromkin na 1973 a kan harshen mutanen Tailan ya nuna cewa ga masu harshen, karin da ke bambanta kalmomi aikin ɓarin hagu ne. Wannan ya isa dalilin sa irin waɗannan tagwayen kalmomi cikin gwaji, a kuma gabatar da su da murya, tun da rubutun boko ba ya nuna su.

6.4 Surka harsuna

An sami rahotannin majiyyatan da suka sauya harshe ba da niyya ba a daidai lokacin da aka ɗora wuta. A Sabon Tasha kuwa surka Hausa da Ingilishi, watau abin da ake kira Ingausa, ita ce maganar kowa. Idan an nuna wa matar nan firji ta kira shi da sunan Ingilishi tana tsakiyar Hausa, ba za a san ko wuta ce ta jawo ko al'adarta ce ba, sai in an riga an rubuta yadda take kiran kowane hoto a kowane harshe tun a awon farko.

6.5 Hadda

Akan yi kuskuren cewa majiyyacin da ya iya ƙirga ɗaya zuwa goma, ko ya kawo addu'a ko waƙar ibada, harshensa lafiya lau. Tun ƙarni na 19 Hughlings Jackson ya lura cewa irin wannan magana ta hadda takan tsira ko da sauran magana ta rushe. Saboda haka karatun da mahaucin nan ya haddace ba ya zama shaida. Karanta sabon rubutu na ajami da fahimtarsa shi ne abin dubawa.

6.6 Bahago

Likitoci sukan tambayi hannun da mutum ke rubutu ko cin abinci da shi don su yi hasashen ɓarin da harshe yake. A al'adunmu kuwa yaro bahago akan tsawata masa har sai ya koma cin abinci da rubutu da miƙa kaya da dama. Gara a tambayi hannun da yake jifa da shi, ko yake riƙe adda ko fartanya, a kuma tambayi iyaye yadda yake tun yana ƙarami.

6.7 Tafinta da ƙarancin lokaci

Ɗan'uwan da aka sa tafinta yakan gyara kuskuren majiyyaci saboda tausayi kafin ya isar wa likita, alhali kuwa kuskuren shi ake nema. Ga kuma ƙarancin lokaci, domin maganin gwajin Wada 'yan mintoci yake yi, wanda aka buɗe wa kai kuma yakan gaji. Ba a iya auna harshe huɗu daidai wa daida a irin wannan hali, dole a jera su bisa muhimmanci, kuma mai harsunan ne ya fi cancanta ya yi jerin.

7.0 SHAWARWARI

(a) A tsara takardar tarihin harshe wadda za ta tambayi shekarun da aka koyi kowane harshe, da wurin da aka koye shi, da waɗanda ake magana da su da shi, da ko ana karatu da rubutu da shi, boko ko ajami.

(b) Sassan Hausa da na harsunan Nijeriya a jami'o'i da kwalejojin ilmi su haɗa kai da likitoci su tattara hotunan abubuwan da kowa ya sani, kamar turmi da tulu da buta da akuya da babur, a gwada su a kan masu lafiya daga ƙabilu da matakan ilmi dabam-dabam, a rubuta duk sunayen da aka yarda da su. Ga wanda bai saba da zane ba, a yi amfani da hoto na ainihi, ko a siffanta masa abu da baki, kamar a ce "abin da ake jawo ruwa da shi daga rijiya", ya ce guga.

(c) A ɗauki muryar majiyyaci a kowane harshe kafin aiki, a kuma cire duk hoton da yake tuntuɓe a kansa. A lura da magungunan da yake sha, domin tofiramet yakan kawo ɓacewar kalma, fenobabiton kuma yakan kawo nauyin tunani.

(d) A nemi iyali su lura da abin da majiyyaci yake faɗa yayin bugun ciwo da bayansa, da harshen da yake fara dawo masa, in da hali su ɗauka a waya. Daɗewar ɗaukewar magana bayan bugu alama ce ta cewa ciwon yana ɓarin da harshe yake.

(e) A horar da ɗalibanmu masu jin Jju da Tyap da Gbagyi da sauransu su zama masu sauraro a ɗakin gwaji. Wanda za a fitar waje kuma, a haɗa shi da kayan gwajinsa da wanda zai saurare shi.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda an yi ƙoƙarin nuna cewa harsunan mutum ɗaya suna da wuraren tarayya a ƙwaƙwalwa, suna kuma da wuraren da kowanne ya keɓanta da su, kuma hanyoyin gano su duk sun dogara ne a kan kalmomi da kunne. An kuma nuna yadda Hausar hulɗa, da karin sauti, da surki, da al'adar hana hagu, za su iya karkatar da sakamako in ba a yi la'akari da su ba. Amfanin kayan awon da ake kira a haɗa bai tsaya ga farfaɗiya ba, domin masu ƙari a ƙwaƙwalwa da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana suna kwance a asibitocinmu a halin yanzu suna buƙatarsu. Na'urori sai an sayo su da kuɗi masu yawa, amma jerin kalmomi da hotuna aiki ne da mu da ɗalibanmu za mu iya farawa a wannan zango na karatu. Allah ya sa mu dace.